Sunan 'Yar Fari

Unguwar Tudu, Gwarzo
7 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga ƙanwata Atika,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da mutanen Kabo baki ɗaya. Yaya aikin kaka? Mu nan alhamdu lillahi, sai kunnen nan da kullum yake ƙara nauyi. Ki daina kirana a waya, ba abin da nake ji sai ƙugi. Ki rubuto, Baƙo direba zai kawo mini.

Kin san tun 1998 ban sake taka taron Ƙungiyar Malaman Lissafi ta Yammacin Kano ba. A shekarar ne suka ce za su karrama fitaccen malami. Kowa ya san ajina ne ya fi cin jarrabawa a shiyyar nan. Aka sa na ɗinka sabuwar riga, aka zaunar da ni a layin gaba, sannan aka kira surukin shugaban ƙungiya, mutumin da in ka miƙa masa alli sai ya rasa ta inda zai fara. Na tafa masa tare da jama'a. Da digirina, lokacin da abokan karatuna suka watse bankuna, ni na zaɓi allo, kuma wannan ce ladar da na samu a wajen mutane.

To jiya sai ga takardarsu. Wai bana ma za su karrama malami ɗaya, kuma yarinyar nan ta wajenki tana cikin ukun ƙarshe. Kowane ɗan takara ya ba da sunan wanda ya koya masa lissafi, kwamiti zai je ya ɗauki shaidarsa da murya, don sun daina karɓar ta takarda saboda jabu ya yi yawa. Ita kuwa duk malaman duniya ba ta ga wanda za ta rubuta ba sai ni.

Atika, 'yar farina ce. Tun da aka haife ta bakina bai taɓa kama sunanta ba, shi ya sa ma aka ba ki ita tun daga yaye. Baba, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa kiran ɗan farinsa Yaya Uwaisu da suna ba. Yanzu ni da furfurata za a zaunar a zaure in buɗe baki in yabi 'yar fari, a naɗa a na'ura? Don mutanen da suka riga suka san wanda za su ba?

Ki gaya mata ta cire sunana tun da wuri.

Ki gaida maigida. Wassalam.
Yayanki, Balarabe

Kabo
10 ga Oktoba, 2024

Yaya Malam,

Wa alaikumus salam. Mun ga saƙo, muna lafiya, gyaɗa ta yi kyau bana. Ga ƙuli-ƙuli nan na ba Baƙo, in bai cinye a hanya ba.

Sunanka ba zai ciru ba, an riga an rufe. Kuma wa kake so Mubina ta rubuta? E, Mubina, ni ba kunyarta nake ji ba, ni na wanke mata kashi. Ka manta lokacin hutu in na kawo ta Gwarzo? Ka rubuta lissafi da alli a bangon zaure, ka fice masallaci kamar ba kai ba. Ta zo ta yi ɗage ta amsa. Ka dawo ka ja layi a inda ta kuskure, ka rubuta wani. Hutu guda kuna hira da bango, ko sannu ba ka ce mata. Ta ce duk abin da ta iya a bangon nan ta koya. Ƙarya za ta yi wa ƙungiya?

Bari in gaya maka abin da ba ka tambaya ba. Shekarun nan da take koyarwa a sakandaren 'yan mata ta Dugabau, aikin sa-kai take yi, ba a ɗauke ta ba har yau. Ita kaɗai ce mai lissafi a makarantar. Wanda ya ci lambar nan, ƙungiya ce za ta tsaya masa har a ba shi aiki na dindindin. Mijinta Zayyad ya koma Kaduna da sana'arsa tun bara, kuma wallahi yaron ya yi haƙuri. Sun yi magana ta fahimta: in aka ɗauke ta, zai ci gaba da zuwa yana komawa. In ba a ɗauke ta ba, ƙarshen zangon nan za ta tattara ta bi shi. Ba wanda zai ga laifinsa.

Saboda haka Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Baba bai kira Yaya Uwaisu da suna ba, gaskiya ne, amma ba wanda ya taɓa zuwa da na'ura ya ce gurbin aikin Yaya Uwaisu yana bakinsa.

Haushinka na 1998 kuma, ka ajiye shi a ƙarƙashin tabarma na yini ɗaya. Ba zai gudu ba, na san ka.

A gaida Yaya Uwaliya da jikoki.
Ƙanwarka, Atika

Unguwar Tudu
15 ga Oktoba, 2024

Atika,

Salam. Ƙuli-ƙuli ya iso, rabi. Na gode.

Tun da na karanta takardarki abinci ba ya shiga. Me ya sa ba wanda ya gaya mini zancen Kaduna sai yanzu?

Abin da zan faɗa miki ya tsaya tsakaninmu. Bara da damina na ce wa mutanen gida zan je duba gonar Dugabau. Ba gona na je ba. Bayan tagar ajinta na tsaya, wajen wata bishiyar darbejiya. Ban ji abin da take cewa ba, amma allo ba ya buƙatar kunne. Kashi-kashi take koya musu, darasin da yara suka fi tsana, wanda ni na shekara talatin ina dura shi da bulala. Ita kuwa rabon gado ta kawo musu. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya. Mata tana da sumuni, ɗaya cikin takwas, uwa tana da sudusi, ɗaya cikin shida. Ta raba musu ƙwayar masara, ta ce su fitar wa kowa haƙƙinsa ba tare da an fasa ƙwaya ba. Suka gwada ƙwaya takwas, ta ƙi rabuwa. Suka gwada sha biyu, ta ƙi. Wata 'yar siririya a baya ta yi tsalle ta rubuta ashirin da huɗu. Yaran da kansu suka gano dokar, ita ba ta faɗa ba. Na ga 'yan mata suna gardama a kan lissafi kamar masu cinikin atamfa.

Ta fi ni, Atika. Ban taɓa ganin malami irinta ba, kuma na ga malamai.

To ga shi na rubuta, hannu bai karye ba. Amma baki daban ne. Jiya na shiga ɗaki na rufe ƙofa na gwada. Ina zuwa kan sunan sai harshe ya yi nauyi, kamar an ce in tuɓe riga a kasuwa. Yayarki ta leƙo ta ce, “Malam, da wa kake faɗa?” Na ce da sauro.

Ranar Alhamis za su zo. Ko za su yarda in ce “malamar Dugabau” kawai? Ai ita kaɗai ce. Ki taya ni da addu'a.

Balarabe

Unguwar Tudu
17 ga Oktoba, 2024

Atika,

Salam. Sun zo sun tafi. Ina rubuto miki tun kafin wani ya riga ni da nasa labarin.

Ban gayyaci kowa ba, Allah ne shaida. Amma mota mai tambari ta tsaya a ƙofar gida, kin san unguwarmu. Kafin a kawo ruwa zaure ya cika: Liman, Mai Unguwa, har Kawu Ƙasim da sandarsa, mutumin da ko sallar Juma'a sai an kai shi a babur. Su biyu ne 'yan kwamitin, wata Malama Zinnira, ita ce shugaba, da wani matashi Muhammad Nur mai riƙe da wayar ɗaukar murya. Saboda kunnena sai da ya riƙa ɗaga murya, har masu tallan rake a waje suna ji.

Ya ce, “Baba, faɗi sunanka da sunan wadda kake ba da shaida a kanta!”

Na ce, “Sunana Balarabe Zainulabidin. Ita kuwa ai kun san ta, ku kuka rubuto.”

Ya ce, “Baba, sai ka faɗa da bakinka!”

Kawu Ƙasim ya buga sanda ya ce, “Kai yaro, ɗan wane gari ne kai? A garinku uba yana kama sunan 'yar fari? Ko a kwali aka haife ka?” Zaure ya kwashe da dariya, yaron ya sunkuyar da kai. Malama Zinnira ta ce a wuce.

“Yaya ka ga koyarwarta?”

Atika, na buɗe baki da niyyar masarar nan. Wallahi da niyyarta na buɗe. Sai na ga Kawu ya zuba mini ido, mutumin da ya riƙe ni ranar kaciya. Na ji bakina yana cewa, “Yarinya ce, tana dai taɓawa.”

“A ganinka ta cancanci lambar?”

“Akwai manya a gabanta. Ku duba su.”

Liman ya ce, “Madalla. Haka dattijo yake.” Mai Unguwa ya gyaɗa kai. Duk wanda ke zauren ya san abin da nake nufi. Uban da ya ce 'yar farinsa tana taɓawa, ai ya gama yabo.

Da na raka su mota, Malama Zinnira ta matso kusa da kunnena ta ce, “Malam, ni na gane, ni ma 'yar fari ce. Amma alƙalan daga jami'o'i aka ɗauko su, don kada a ce an yi son kai. Wasunsu ba sa jin Hausa. Fassara za a yi musu, kalma da kalma.”

Na ce mata ko me na faɗa, an riga an san mai ci. Ta dube ni, ta shiga mota.

Ke a ganinki mai fassarar ba zai yi musu bayani ba? Ai Bahaushe ne dai. Dole ya san abin da ake nufi. Ko kuwa? Ki rubuto da motar gobe.

Balarabe

Kabo
19 ga Oktoba, 2024

Yaya,

Salam. Na karanta, na ajiye, na sha ruwa, na sake karantawa.

“Tana taɓawa.” Yaya, miya ce? Mai fassara ba aikinsa ba ne ya shiga cikinka ya tono abin da ka binne. Abin da ya ji shi zai juya: malaminta, kuma ubanta, ya ce a ba wasu. Sauran biyun kuwa na ji malamansu har kuka suka yi don yabo. Liman ya ce madalla, to Liman ne zai koya wa 'yan matan Dugabau lissafi?

Ban tsaya faɗa ba. Na samo lambar Malama Zinnira na kira ta. Mace ce mai kirki, kuma ba surukar kowa ba ce, kafin ka tambaya. Na ce ina da takarda da hannunka mai cike da yabo, ta ce doka ta hana, sai murya. Amma ta ce tunda an yi hayaniya a ɗaukar farko, tana da ikon karɓar wata, in ta iso mata kafin watan nan ya ƙare. Sharaɗi biyu ne: ka faɗi sunanka, ka faɗi nata.

Ga dabara. Ka zo Kabo. Ɗakina, ba Kawu, ba Liman, maigida ma zan tura shi kasuwa. Ni da kai da waya. In ka ga dama ka juya wa wayar baya, ka fuskanci bango, tunda da bango ka saba magana. Ka fara da labarin masara, ka bar sunan sai ƙarshe, ka faɗe shi da sauri kamar mai haɗiyar maganin zazzaɓi.

Mubina ta ji labari. Ta dai tambaye ni ko akwai akwatin da ba na amfani da shi. Ka san abin da hakan yake nufi.

Kada ka ja lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya.

Atika

Unguwar Tudu
1 ga Nuwamba, 2024

Atika,

Ban tsaya na saurare ki a bakin titi jiya ba, don da na tsaya da na faɗi abin da zan yi nadama. Yanzu ki saurare ni.

Za ki ce na ja lokaci har ranar ƙarshe. Na ja. Kullum in na sa hula sai in ce gobe. Amma na zo, kuma kin ga yadda na fara. Na fuskanci bango kamar yadda kika ce. Na faɗi sunana, na faɗi shekarun da na yi ina koyarwa. Na kawo sumuni da sudusi, na kawo yarinyar da ta yi tsalle. Na ce ban taɓa ganin malami irinta ba, na ce ta fi ni. Da bakina na faɗa, Atika, da ƙarfi, tunda ni ba na jin muryata sai na ɗaga. Saura kalma ɗaya. Na ja numfashi, na juyo don in ga ko wayar tana ɗauka.

Sai na ga ƙafafu a ƙarƙashin labule. Ƙafafun mace, da farin alli a gefen siket.

Kin ce ni da ke da waya. Kin yi mini alkawari. Wayar ƙarfe ce, zan iya gaya mata. Amma yarinyar tana tsaye taku biyu daga inda nake, ta ji ubanta yana cewa ta fi shi, sannan in kira sunanta a kunnenta? Ban san lokacin da na sa takalmi ba. Na ji kina bina kina cewa, “Yaya, dawo, na kore ta!” Korar me? Ai ta riga ta ji.

Ke kika ɓata wannan, ba ni ba. Kullum ganinki shi ne kin fi kowa dabara.

Ki aika musu abin da aka ɗauka. Duk mai hankali zai san wa ake nufi, malamar lissafi nawa ce a Dugabau? Ki roƙi Malama Zinnira. Ki ce mata tsoho ne, kurma ne, ki ce duk abin da kika ga dama. Ki gaya mini abin da ta ce. Ban runtsa ba.

Balarabe

Dugabau
20 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida Baba da girmamawa, da fatan Baba yana cikin ƙoshin lafiya, da Inna da ƙannena. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Ban taɓa rubuto wa Baba takarda ba, ina neman afuwa in na yi rashin kunya. Gwaggo ta ce ba za ta sake rubutu ba sai Baba ya huce, shi ya sa na ɗauki biro.

Gwaggo ta aika muryar a ranar. Malama Zinnira ta kai ta gaban alƙalai, ta yi iya ƙoƙarinta. Suka ce ba suna a ciki, kuma maganar ta yanke a tsakiya, in suka karɓa sun zalunci sauran. Sai suka tsaya a kan ta farko. An yi taron ranar Asabar a Kano. Malam Mahbub na Kutama aka ba lambar. Na san shi, malami ne na gaske, yaransa suna son sa. Ba a yi son kai ba, Baba. Malama Zinnira ta ce a darasin gwaji da sakamakon ɗalibai ni ce a gaba, a shaida ne aka wuce ni.

Ina roƙon Baba kada ya riƙe Gwaggo. Ta hana ni, ni na nace. Na taso daga makaranta ana tsakiyar darasi, na ce mata daga bayan labule kawai, ba zan yi motsi ba. Na yi shekara talatin da biyu ina jin mutane suna cewa Malam Balarabe ya yaba wa wane, ya yaba wa wance. Na so in ji sau ɗaya. Na san kuskure ne, kuma na san abin da ya jawo. Amma na ji, kuma ba zan ce da ban je ba.

Za mu yi hutu tsakiyar Disamba. Abban yara zai zo daga Kaduna ya ɗauke mu. Zan biyo ta Gwarzo in yi sallama, in Baba ya ba da izini. 'Yan aji shida ne suke damuna, jarrabawarsu ta fita tana tafe, kuma ba mu gama manhaja ba. Shugabar makaranta ta rubuta neman wani malami, ba a amsa ba tukuna.

Ina neman albarkar Baba.
'Yarka

Unguwar Tudu
20 ga Janairu, 2025

Atika,

Salam. Da fatan kin huce, ni na gaji da fushi. Baƙo ya ce ƙafarki tana ciwo, Allah ya sauwaƙe.

Yarinyar nan ta wajenki ta biyo ta yi sallama. Ta durƙusa a bakin zaure, na sa mata albarka, na ce Allah ya kiyaye hanya. Kawu Ƙasim yana wurin, ya ce yarinya mai tarbiyya.

Na so in ce ƙungiyar nan ta sake yin halinta, na nemi ta inda zan kama su ban samu ba.

An koma makaranta makon jiya. Na je Dugabau, wannan karon ta ƙofa na shiga. Na ce wa shugabar ko zan iya riƙe 'yan aji shida kafin a turo wani. Ta karɓe ni da mutunci, ta kai ni ajin. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta yi tambaya, na ga bakinta yana motsi. Ta maimaita, ta sake maimaitawa. Na ajiye allin na fito.

'Yar wajenki tana Kaduna, ba ta koyarwa. Makarantar ba malamin lissafi.

Ki gaida maigida.
Yayanki, Balarabe